Farar Tunkiya da Farin Rago Sun Haifi Baƙi: Shin Iri Ne Ya Lalace?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne mazaunin Dakace a nan Zariya, kuma shekara huɗu ke nan ina ɗan kiwon tumaki a bayan gida. Ina da mata shida da rago ɗaya, dukkansu farare 'Yanƙasa, kuma ragon tun farkon kiwon yake wurina. A watan Disamba wata matashiyar tunkiya da aka haifa a gidana ta haifi tagwaye, ɗaya fari, ɗaya baƙi ƙirin. Maƙwabta suna cewa jininta ya gurɓace, in sayar da ita tun da wuri. Ga shi kuma a daminar da ta wuce 'ya'ya uku daga cikin bakwai sun mutu kafin yaye. Shin wannan baƙin alama ce ta lalacewar iri, kuma yana da alaƙa da mutuwar da nake gani?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa wa kiwon albarka, ya mayar maka da alherin waɗanda ka rasa. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa biyu ne suka same ka a shekara guda, wato haihuwar baƙin ɗa daga fararen iyaye da mutuwar ƙananan tumaki a damina, sai maganar maƙwabta ta ɗaure su wuri ɗaya a zuciyarka har kana tunanin rabuwa da tunkiyar. Kada ka sayar da ita saboda wannan dalili. Baƙin launi ba cuta ba ne, kuma ba shi ya kashe maka 'ya'yan damina ba. Sai dai bayyanarsa tana iya nuna maka wani abu game da ragon da ya shekara huɗu a turkenka, kuma a nan ne nake so ka fi tsayawa. Na daɗe ina aikin duba dabbobi a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, ina kuma da nawa garken a gida, saboda haka abin da zan faɗa maka ya haɗa da na karatu da wanda na gani da idona.

Tumakinmu da launukansu

Sanannun tumakin Nijeriya iri huɗu ne. Akwai Balami, manya farare masu dogayen kunnuwa da tudun hanci, waɗanda aka fi sani da ƙasar Borno. Akwai Uda, waɗanda rabin jikinsu na gaba baƙi ne ko ja, na baya kuma fari, kamar an raba da zare. Akwai gajerun tumakin kudu masu jure wa ƙudan tsando da laima. Sai kuma 'Yanƙasa irin naka, waɗanda suka fi kowane iri yawa a ƙasar Zazzau, farare masu ɗigon baƙi a gefen ido da kunne da baki, wani lokaci har da ƙafa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana aiki a kan 'Yanƙasa, saboda haka kana zaune ne kusa da inda aka fi sanin su.

Dukkan waɗannan iri huɗu masu gashi ne, ba masu ulu ba. Na kawo wannan ne domin yawancin abin da aka sani game da gadon launin tumaki ya fito daga ƙasashen da ke aske tumaki suna sayar da ulu, kamar Ostireliya da Ingila. A wurinsu launi kuɗi ne, domin farin ulu yana karɓar kowane rini, baƙi kuwa ba ya karɓa, kuma 'yan silin baƙi kaɗan kan rage wa dilar ulu daraja. Shi ya sa suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsince baƙaƙe daga garken Merino, wani irin fararen tumakin ulu, amma har yau ana haifa musu su jefi-jefi. A Afirka ta Yamma sai a wurare kaɗan ake samun tumakin ulu, kamar na Masina a ƙasar Mali. Mu a nan nama muke nema da fata, sai buzu da malamai ke zama a kai, saboda haka launi bai taɓa ingancin abin da muke kiwo dominsa ba, sai dai sha'awar mai saye.

Yadda launi ke bin jini

Kowace tunkiya tana ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin tantanin jikinta, waɗanda aka jera a kan wasu zaruruwa da ake kira kromosom. Tumaki suna da guda 54, rabi daga uba, rabi daga uwa. Ma'anar wannan ita ce kowane umarni na halitta yana zuwa wa ɗa a kwafi biyu, kuma ba dole ne kwafin biyu su yi kama da juna ba. Idan suka saɓa, sau da yawa ɗaya yakan rinjayi ɗaya, mai rinjayen ya bayyana a jiki, ɗayan kuma ya laɓe, yana nan a jini ba a ganinsa, amma ana iya miƙa shi ga ɗa. Gregor Mendel ne ya fara fayyace wannan ƙa'ida da gwajin da ya yi a kan wani nau'in wake, wanda aka buga a 1866, kuma tana aiki a kan tumaki kamar yadda take aiki a kan shuka.

Launin gashi yana fitowa daga wani sinadari mai suna melanin, wanda yake iri biyu. Ɗaya yana ba da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ɗayan kuma yana ba da ja zuwa ruwan ɗorawa, har ya dusashe ya zama fari. Akwai wata ƙwayar gado da masana ke kira Aguti, ita ke ba wa tushen gashi umarnin wanne daga cikin biyun zai yi. A tumaki, nau'in Aguti mai ba da fari shi ne mai rinjaye, mai barin baƙi ya fito kuwa shi ne mai laɓewa. A 2008 wasu masu bincike a Ostireliya suka gano cewa fararen tumakin Merino suna da wannan ƙwaya a ninke, an maimaita ta a kan zaren gado, shi ya sa umarninta yake da ƙarfin da zai hana baƙi fitowa a jiki gaba ɗaya. Idan kana son misali na kusa, ka ɗauki bangon jar ƙasa da aka shafe da farar ƙasa. Mai wucewa zai ce bangon fari ne, alhali jar ƙasar tana nan a ƙarƙashi ba ta je ko'ina ba.

To, idan ragonka yana da kwafi ɗaya na fari da ɗaya na baƙi, fari za ka gan shi. Idan tunkiyar ma haka take, fara za ka gan ta. A duk barbarar da aka yi, kowannensu yana miƙa wa ɗa kwafi ɗaya daga cikin biyun, kuma hanyoyin haɗuwar huɗu ne: fari da fari, fari da baƙi, baƙi da fari, baƙi da baƙi. Ukun farko duk farare ake haifa, na huɗun ne kaɗai ke fitowa baƙi. Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure ya san wannan lissafi, domin shi ne dai na mai AS da mai AS, inda ake cewa kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu. Bambancin, wanda nake so ka riƙe da kyau, shi ne sikila ciwo ce, baƙin gashi kuwa launi ne kawai, ba ya rage wa ɗan tunkiya jini ko ƙarfi ko tsawon rai. Tagwayenka kuma ba abin mamaki ba ne da suka bambanta, domin yawancin tagwayen tumaki daga ƙwai biyu suke, kowanne da nasa rabon, kamar wa da ƙani da aka haifa rana ɗaya.

Daga nan ne kuskuren maƙwabtanka yake bayyana. Baƙi irin wannan ba ya fitowa sai uwa da uba duk sun bayar. Idan ka sayar da tunkiyar ka bar ragon, ka bar rabin dalilin a gida, kuma shi ne mai hawa dukkan matan.

Akwai wasu hanyoyin da ya kamata in ambata don kada ka ɗauka ƙwaya ɗaya ce ke riƙe da komai. Wasu tumaki, kamar Karakul na tsakiyar Asiya, suna da baƙi mai rinjaye wanda ke fitowa daga wata ƙwaya daban mai suna MC1R. Irin wannan ba ya ɓuya, duk mai ɗauke da shi baƙi ne, saboda haka bai dace da labarinka ba sai idan wani baƙon rago ne ya yi barbarar. Akwai kuma ƙwaya ta uku mai mayar da baƙi ruwan ƙasa, ita ma mai laɓewa ce. Sannan akwai batun dabbare-dabbare, wanda ya shafi tumakinmu sosai. Tun ɗa yana ciki, ƙwayoyin da ke yin launi suna tasowa daga wajen ƙashin baya su bazu cikin fata, duk inda ba su kai ba sai wurin ya fito fari. Yawan wannan fari da inda yake sauka ya danganta da ƙwayoyin gado da dama, har da abin da ya faru a lokacin girman ɗan tayi, shi ya sa ko tagwaye ba sa yin zane iri ɗaya, kuma babu mai iya yi maka alkawarin inda ɗigo zai fito. Ɗigon baƙin da ke gefen idon 'Yanƙasa ma shaida ce cewa jikinsu yana iya yin baƙi tun asali.

Maganar baƙon rago ba ta wasa ba ce a unguwanninmu, domin tunkiya takan nemi rago kusan kowane kwana 17 idan ba ta da ciki, kuma raguna biyu suna iya hawanta a rana ɗaya har tagwaye su zo kowanne da ubansa. Amma cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 147 zuwa 150, saboda haka haihuwar Disamba tana nufin an yi barbarar a wajen watan Yuli, lokacin da kowa ya ɗaure dabbobinsa saboda gonaki. Idan naka a ɗaure suke a lokacin, to ragonka ne uban.

Abu ɗaya kuma da ba gado ba ne: baƙin gashi yakan koɗe ya yi ja-ja saboda rana, ko saboda ƙarancin sinadarin tagulla a abinci. Kada wannan ya sa ka ba su gishirin lasa da aka haɗa domin shanu ko abincin kaji, domin tumaki ba sa jure yawan tagulla, takan taru a hanta ta kashe su.

Abin da baƙin ɗan yake nuna maka

Ka ce an haifi tunkiyar a gidanka, ragon kuma shekararsa huɗu a wurinka. Ke nan uba ne ya hau 'yarsa. Idan ragon yana ɗauke da baƙi a ɓoye, rabin 'ya'yansa mata sun gada daga gare shi, kuma idan ya dawo ya hau su, za a riƙa samun baƙi kusan ɗaya cikin takwas, ko da iyayensu mata na asali ba su da shi ko kaɗan. Launin ba shi da illa, amma hanyar da ya bi ya fito ita ce hanyar da munanan halaye masu laɓewa suke bi, irin su gajeren muƙamuƙi, karkatattun ƙafafu da rago mai ƙwai ɗaya. Ban da waɗannan da ake gani, barbarar dangi tana rage girman ɗa a haihuwa, tana rage nono da yawan haihuwa, tana kuma raunana jiki wajen jure cuta. Ɗan da uba ya haifa da 'yarsa, kashi 25 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa sukan zama kwafi biyu na abu ɗaya.

Ni kaina na faɗa cikin wannan. Na taɓa samun wani rago mai faɗin ƙirji da kyawun ƙaho, na ƙi rabuwa da shi har shekara huɗu saboda yadda masu zuwa gidana ke yaba shi. A shekara ta uku na lura 'ya'yan da ake haifa suna ƙanƙancewa, wasu da ƙyar suke kai kilo biyu, kuma guda biyu suka zo baƙaƙe. Na daɗe ina zargin abinci, ina ƙara dusa, kafin in buɗe littafina in ga cewa duk ƙananan nan jikokinsa ne kuma 'ya'yansa. Da na sauya shi da wani rago da na samo daga wajen Giwa, a haihuwa ta gaba na ga bambanci a ma'auni.

Shawarata ita ce ka yi kiwon wannan ragon don layya ko ka sayar, ka kawo wani daga garken da ba shi da dangantaka da naka, kuma daga yanzu kada rago ya wuce shekara biyu a wurinka, ko ka cire shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Mai tumaki shida ba ya ma bukatar ajiye rago duk shekara, tunda rago ɗaya yana isar mata 20 zuwa 30. Kana iya yin musaya da wani amintaccen makiyayi a Samaru ko Wusasa. Duk dabbar da ka sayo daga kara, ka ware ta mako biyu zuwa uku kafin ka haɗa ta da naka.

Idan kana son garke fari tas saboda kasuwar Sallah, akwai gwajin da ake yi ba tare da na'ura ba. A haɗa sabon ragon da baƙar tunkiya irin wadda fararen iyaye suka haifa. Idan yana ɗauke da baƙi, rabin 'ya'yan za su zo baƙaƙe. Idan aka samu bakwai a jere duk farare, yiwuwar yana ɗauke da shi bai bayyana ba ɗaya ce cikin 128. A ganina wannan wahala ba ta dace da ƙaramin garke ba, na faɗa ne kawai don ka san tana nan. Gaskiya ne masu saye sun fi son farin rago mai ƙaho, kuma an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, farare masu surkin baƙi. Amma baƙin launi ba ya cikin aibobin da ke hana layya, kuma malaminku na unguwa zai tabbatar maka da haka. Mai yankan suna da mahauci kuwa ƙiba suke dubawa.

Mutuwar 'ya'ya kafin yaye

Uku cikin bakwai asara ce babba, kuma ita ce ainihin abin da ke cinye maka riba. Ba ka faɗa mini shekarunsu ba lokacin da suka mutu, ban kuma ga gawa ko wurin kwanansu ba, saboda haka daga nan ba zan iya yanke maka hukunci a kan cuta ɗaya ba. Abin da zan iya yi shi ne in nuna maka cewa kowane zango na rayuwar ɗan tunkiya da abin da ya fi kashe shi, kai kuma ka tuna a wane zango naka suka faɗi.

Kiwon ɗa yana farawa ne tun yana ciki. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi yana faruwa a makonni shida na ƙarshe, daidai lokacin da ciki ya matse tumbin uwa ba ta iya cin abinci mai yawa. A wannan lokaci kara da busasshiyar ciyawa ba sa isar ta. A ba ta harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye, a ƙara mata dusa da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, a fara da kamar giram 200 a rana a hau a hankali zuwa 400, musamman idan ana zaton tagwaye ne. Ƙowa da 'ya'yan gawo ma suna taimakawa a rani. Uwar da ta haihu a rame ɗanta ƙarami ne, nononta kaɗan ne, kuma sau da yawa ita ce ke juya wa ɗan baya.

Mutuwar makon farko kusan kullum tana komawa ga dakashi, wato kakkauran nonon farko. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, daga dakashi yake samun ta, kuma hanjinsa yana iya tsotse ta ne a sa'o'in farko kawai, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Lafiyayyen ɗa yakan miƙe cikin rabin sa'a ya kama nono kafin sa'a biyu. Kada ka wadatu da ganin kansa a ƙarƙashin uwa. Ka matsa kan nonon da hannunka ka tabbata toshiyar da ke bakinsa ta fita, ka kuma taɓa cikin ɗan ka ji ya cika. Mai nauyin kilo biyu da rabi yana bukatar kusan rabin lita a kwanan farko, a rarrabe sau huɗu ko biyar. A tsoma cibiyarsa cikin aidin da zarar an haife shi, domin ta nan ne ƙwayoyin cuta ke shiga su kumbura gwiwa ko su kawo sandarewar jiki. A killace uwa da 'ya'yanta su kaɗai kwana biyu ko uku a wuri busasshe har su san juna.

Tunda tagwayenka 'yan hunturu ne, bari in faɗa maka abin da sanyin Zariya ke yi. Wata asuba a watan Janairu na fito na tarar da ɗaya daga cikin wasu tagwaye kwance a gefen katanga, kansa a ƙasa, ba ya ko kuka, ɗan'uwansa kuwa yana ta tsotso. Na sa yatsa a bakinsa na ji sanyi kamar ruwan randa. Na goge shi da tsumma, na naɗe shi da tsohon buhu na ajiye kusa da murhu inda ɗumi ke isa ba wuta ba, na tatsi uwar a kofi, na jira har ya iya ɗaga kai da kansa kafin na ɗiga masa da sirinji kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Da hantsi ya miƙe. Wanda bai iya ɗaga kai ba kada a ɗura masa komai, domin nonon huhu zai tafi. Tun daga ranar nake kewaye ɓangaren gabas da arewa na turkena da zana, ina shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa.

Daga mako uku zuwa takwas, abin da na fi gani a damina shi ne zawo mai duhu, wani lokaci da jini, wanda wasu ƙananan halittu da ke zama a hanji suke kawowa. Suna yaɗuwa ta kashi a wuri mai danshi da cunkoso. Maganinsa yana wurin likitan dabbobi, amma rigakafinsa yana hannunka: rufin da ba ya yoyo, daɓen da ya ɗan tashi sama da tsakar gida, sharar kashi kullum, da kwanon ruwa da na abinci da aka ɗaga yadda ba za su taka ciki ba.

Daga wata biyu zuwa sama, idan damina ta zauna tsakanin Yuli da Satumba, babban mai kisa shi ne tsutsar ciki mai shan jini, wadda ke zama a tumbi na huɗu. Macen tana zuba dubban ƙwai a rana, su fita da kashi, su ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, 'ya'yan su hau ciyawa. Tsutsa dubu tana iya shanye kusan mililita 50 na jini a rana, ɗan tunkiya kuwa jininsa duka bai kai lita ɗaya ba. Sau da yawa ba a ganin zawo, sai dai ɗan ya riƙa zama a baya, ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura da ruwa, ya faɗi. Idan da za a ce in yi zato a kan naka ukun, nan zan fi karkata. Ka saba da janye fatar idon kowane ɗa ta ƙasa duk mako biyu a damina. Idan ja ce, lafiya. Idan ta yi fari-fari, a ba shi magani a ranar. A auna nauyi kafin a ba da maganin tsutsa, domin ba da ƙasa da ƙima shi ke sa tsutsa ta saba da magani ya daina aiki, kuma kada a ba tunkiya albendazol a farkon ciki. Ciyawar da aka yanko a bar ta ta sha iska a ɗaure ta sama, kada a zuba a ƙasa, kada kuma a ɗaure su kullum a fili ɗaya.

Sai annobar da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda ke iya share garke cikin mako biyu. Tana da allurar rigakafi, wadda ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, ana yi wa ɗa daga wata uku zuwa huɗu, kuma kariyarta takan kai shekara uku. Ka nemi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi na jami'a da ke Samaru. Idan wani ya sake mutuwa, kada ka binne shi nan take, ka kai gawar a buɗe ta a ranar, domin abin da aka gani a ciki ya fi duk zaton da ni ko wani zai yi maka. Ka kuma tsince leda daga inda suke yawo, don na sha ganin an ciro dunƙulenta daga tumbin tunkiyar da ta rame ba a san dalili ba.

Daga mako biyu ka fara ajiye wa 'ya'yan laushin harawa da ɗan dusa a wani lungu mai ƙaramar ƙofa da iyaye ba za su iya shiga ba, domin tumbinsu ya koyi aiki da wuri. A yaye su a wata uku idan suna cin abinci sosai. A raba maza da mata kafin wata huɗu, kada kuma a bar rago ya hau 'yar tunkiya sai ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta. Ragunan da za ka turke kada ka cika musu dusa zalla babu harawa da wadataccen ruwa, domin tana kawo musu tsakuwar mafitsara.

Tunkiyar da ɗanta

Matashiyar tunkiyar da ta haifi tagwaye, ta karɓe su duka biyu, tana kuma shayar da su a tsakiyar hunturu, tana cikin mafi daraja a garkenka, kuma irinta ake riƙewa. Da sabon rago wanda ba ya ɗauke da baƙi, duk 'ya'yanta farare za su zo, ko da yake rabinsu za su ci gaba da ɗauke da shi a ɓoye. Baƙin ɗan, idan namiji ne, ka yi kiwonsa don nama kamar kowane rago, ka dai tanadar masa inuwa a watannin Maris da Afrilu domin baƙin gashi ya fi ɗaukar zafin rana. Dalilin da zai hana ka bar shi ya yi barbara a gidanka shi ne dangantakarsa da matan, kuma wannan ya shafi farin ɗan'uwansa daidai da shi. Idan mace ce kuma ta girma da kyau, babu abin da zai hana ka riƙe ta.

Ka sayi ƙaramin littafi na makaranta ka ba kowace tunkiya shafi. Ka riƙa rubuta ranar barbara da ragon da ya hau, ranar haihuwa, yawan 'ya'ya, launinsu, nauyinsu a ranar farko da ranar yaye, da ranar da wani ya mutu da alamomin da ka gani. Ma'aunin rataye irin na masu sayar da hatsi da buhu ɗaya sun isa. Ka fara da tagwayen nan a wannan makon, ka sake auna su duk bayan mako biyu, idan kuma ka tuna shekarun ukun da suka mutu a damina da yadda suka yi kafin su faɗi, ka aiko mini mu sake duba maganar kafin ruwan Mayu ya sauka.